Ido Ba Mudu Ba: Masu Auna Harsashi da Kaurin Silin Gashi

A shekarar 1973 wani Ba'amurke mai suna Mac McMillan ya zauna a bayan teburin harbi, ya kwantar da bindigarsa a kan buhunan yashi, ya saki harsashi biyar ɗaya bayan ɗaya zuwa ga wata takarda da ke nisan yadi 100. Da aka ciro takardar, huji ɗaya tal ido ya gani. Sai da aka sa ta a ƙarƙashin na'urar awo sannan aka gano cewa tazarar da ke tsakanin tsakiyar harbi biyu mafiya nisa da juna inci 0.009 ce. Kusan shekara 40 wannan bajinta ta yi ba wanda ya taɓa ta, har zuwa 2013, lokacin da Mike Stinnett ya yi nasa a jihar Texas aka auna inci 0.0077. Wato kimanin milimita 0.2, kaurin fallen takarda biyu na littafin rubutun ɗan makaranta, daga nisan mita 91.

Masu irin wannan gasa ba sa shiga kanti su ce a ba su kwalin harsashi. Da hannunsu suke ɗura shi, ɗaya-ɗaya, a ɗakin ajiyar mota ko a ɗakin ƙasa na gidajensu. A Amurka wannan sha'awa ce ta dubban mutane, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru ko gyaran tsofaffin agogo, kuma dokar tarayyarsu ba ta neman lasisi daga wanda ya ɗura don amfanin kansa, sai in zai sayar. A Jamus kuwa sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa ya karɓi izini kafin a sayar masa da albarushi.

Harsashin zamani gaɓa huɗu gare shi. Akwai kwanso na tagulla, akwai 'yar hular da ke gindinsa wadda ke tayar da wuta in an danna kunama, akwai albarushi, sannan akwai ƙwayar da ke fita ta tafi, wadda galibi dalma ce aka sa wa rigar jan ƙarfe. In an yi harbi kwanson yana nan, kuma shi ne mafi tsada a cikin huɗun, ga shi yana jure ɗuri sau da dama. Daga nan sha'awar ta samo tushe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da masana'antu suka koma yi wa soja aiki farar hula suka rasa harsashin farauta, Vernon Speer ya riƙa tara kwanson ƙananan harsasai da aka riga aka harba yana mai da su rigar ƙwaya. Fred Huntington ya kafa kamfanin RCBS a garin Oroville na California a 1943, yana ƙera kayan matse ƙwaya. Kamfanin Sierra ya biyo baya a 1947, Joyce Hornady ya buɗe nasa a Grand Island ta Nebraska a 1949. Duk waɗannan sunaye suna nan a kan kwalaye har yau.

Wanda ya leƙa teburin ɗaya daga cikin mutanen nan da daddare zai ga abin da ya fi kama da shagon maƙerin zinariya. Fitila a sunkuye, ɗan ƙaramin sikeli an rufe shi da gilashi don kada numfashi ya motsa shi, ma'aunin kauri mai baki biyu a hannun dama, ƙwayoyi ɗari a zube cikin faranti suna ƙyalli. Yana ɗaukar ɗaya, ya matse ta a bakin ma'auni, ya juya ta kaɗan ya sake matsewa, ya duba lamba, ya jefa ta cikin ɗaya daga cikin gwangwanaye biyar da ya jera ya liƙa wa kowanne takarda. Sai ta gaba. Yakan shafe sa'a biyu a haka bai ɗura ko harsashi ɗaya ba.

Mutane da yawa, har da 'yan uwansu maharba, suna ɗaukar wannan a matsayin tsirfa. Sun yi kuskure a babban ɓangare, sun yi gaskiya a ƙarami. Awon yana da dalili mai ƙarfi, amma awo-awo ne: wani rai yake karewa, wani daidaita harbi yake yi, wani kuma kwantar da hankalin mai yin sa kawai yake yi. Matsalar da yawa daga cikin masu sha'awar ita ce sun fi ɓata dare a kan na ƙarshen.

Na farko shi ne kauri, kuma a nan ba wasa. Ƙwaya ba zamewa take yi a cikin bututun bindiga ba. A jikin bututun daga ciki akwai tsagi masu murɗewa, tudu da kwari, kuma an yi ƙwayar ta ɗan fi tazarar da ke tsakanin tudun kauri, don tudun su cije ta, su toshe hayaƙi a bayanta, su murza ta tana tafiya. A harsashin .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, iyakar matsin da aka amince da shi a Amurka ya kai 62,000 a ma'aunin da mai faci ke duba iskar taya da shi. Tayar ƙaramar mota kuwa wajen 32 take sha. Kusan ninki 2,000 ke nan, a tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba daga fuskar mai harbi. In ƙwayar ta fi kaurin da aka yi bututun dominsa, matsin yana hawa. In ta gaza, hayaƙi yana kutsawa ta gefenta, ta fita tana tangaɗi.

Abin da ya sa wannan ya zama tarko shi ne sunayen harsasai ba su faɗin gaskiyar kaurinsu. Wanda ake kira .38 Special ƙwayarsa inci 0.357 ce. Na .44 Magnum 0.429 ce. Na .223 Remington 0.224 ce. Harsashin Ingila .303, wanda a suna ya fi .308 ƙanƙanta, a zahiri ya fi shi kauri, don ƙwayarsa tana kai 0.311 zuwa 0.312. Haka nan harsasai biyu da duk ake ce musu 7.62, na ƙungiyar tsaro ta NATO da na Rasha, ba kauri ɗaya gare su ba. Wasu sunayen daga faɗin kwanso aka ɗauko su, wasu daga tazarar tudu zuwa tudu, wasu kuma 'yan kasuwa ne suka ga sun fi daɗin faɗa. Kama da wane ba ta wane. Bambancin 0.308 da 0.311 kaurin silin gashi ɗaya ne, kuma duk kaifin idon mutum ba zai raba su a cikin faranti ba. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ya san kima, kuma hakan yake a kasuwar hatsi. A wannan tebur ido bai san komai ba.

Jamusawa sun bar wa duniya misalin da har yau ake koyar da sabon shiga da shi. Harsashinsu na soja na 1888 ƙwayarsa inci 0.318 ce, mai dunƙulallen kai. Zuwa 1905 sun koma ƙwaya mai tsini wadda ta kai 0.323, suka gyara bindigogin soja don su karɓe ta. Kwanson kusan bai canza siffa ba, sunan ma kusan ɗaya ne, sai harafi ɗaya da aka ƙara. Amma maƙeran bindigogin farauta sun ci gaba da yin tsohon bututun shekaru da dama bayan haka, kuma sojojin Amurka sun kwaso irin waɗannan bindigogi da yawa zuwa gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sabon harsashi yana shiga tsohuwar bindiga lafiya lau, ƙofa ta rufu, ba abin da zai nuna akwai matsala sai an danna kunama. Saboda wannan bambanci na inci 0.005 ne kamfanonin Amurka suka daɗe suna ɗura wannan harsashi da sassauci, don gudun kada ya faɗa tsohon bututu.

Awo na biyu shi ne wanda ido ba ya gani kuma ma'aunin hannu ba ya kamawa, ga shi kuma shi ne ke raba gwani da na baya. Ƙwayar da ta fita da gudun ƙafa 2,800 a daƙiƙa daga bututun da tsaginsa ke kammala zagaye ɗaya a kowane inci 12 tana juyawa sau 168,000 a minti. Ƙaramin janaretan gida sau 3,000 yake yi. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin fankar da fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe ya san yadda ƙaramin rashin daidaito ke girgiza abu mai juyawa. In rigar jan ƙarfen ta fi kauri a gefe ɗaya, ko akwai ɗan kumfar iska a cikin dalmar, nauyin ƙwayar ba ya tsakiya. Muddin tana cikin bututu dole ta bi hanya, amma da ta fita sai ta kauce zuwa gefen da nauyin ya ja ta, kuma ba wanda ya san wane gefe ne.

Wani likita a jihar Massachusetts, Franklin Mann, shi ya fara bin wannan da gaske. Ya shafe shekaru masu yawa a gonarsu yana lalata ƙwayoyi da gangan, ya huda wannan a gefe, ya goge gindin waccan ya karkace, ya daddatse tsinin wata, yana harba su ta cikin jerin takardu don ya ga inda kowacce ta bi. Littafin da ya fitar a 1909 ya nuna abin da ya saɓa wa tunanin yawancin maharba: a gajeren zango lahanin tsini ba ya yin ɓarna sosai, amma karkataccen gindi da nauyin da ya bar tsakiya suna watsa harbi. Dalilin gindin a fili yake. A daidai lokacin da ƙwaya ke barin bakin bindiga, in gefe ɗaya na gindinta ya riga ɗaya fita, hayaƙin da ke bayanta zai fashe ta wannan gefen ya ture ta. Fiye da shekara ɗari bayan Mann, wannan ne har yanzu masu ƙera ƙwayar gasa ke fafatawa a kai. Walt Berger, wanda ya fara yin ƙwaya da hannu don gasar teburi tun shekarun 1950, sunansa ya yi tashe ne saboda rigar da bambancin kaurinta daga gefe zuwa gefe bai wuce inci 0.0003 ba. Mai ɗuri a gida ba shi da yadda zai gyara wannan. Abin da yake iyawa shi ne ya san wurin wa zai saya.

Na uku shi ne tsawo, kuma a nan ne sabon shiga ke ruɗewa. Ya sayi kwalin ƙwayar gasa mai tsada, ya auna goma daga gindi zuwa tsini, ya ga ba biyu da suka zo ɗaya, ransa ya ɓaci yana ganin an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Irin wannan ƙwaya daga gindi ake fara rigarta, a cusa dalma, sannan a matse bakin ya tsuke, don haka tsinin yakan fito da ɗan gautsi, wani ya ɗara wani. Tsinin kuwa ba ya taɓa komai a cikin bindiga. Wurin da ke taɓawa shi ne kafaɗa, inda jikin ƙwayar ya fara tsukewa, don nan ne ke fara haɗuwa da tudun tsagi. Shi ya sa gogaggu ke ɗaura wa ma'auninsu wani ɗan zobe da ke sauka a kan kafaɗar, su auna daga gindi zuwa nan. Tazarar da ƙwaya ke tsallakewa kafin ta ci karo da tsagi tana shafar inda harbi ke sauka, kuma in ƙwayar ta riga ta dafe da tsagin tun kafin a harba, matsi yana tashi. Wannan awo ya cancanci daren da ake ba shi, musamman in an buɗe sabon kwali. Kamfani ba da inji ɗaya yake aiki ba, bakin injin ma yana cinyewa a canza shi, don haka kwali biyu masu suna ɗaya da lambar zubi daban suna iya bambanta a kafaɗa. Masu gasa kan sayi dubbai daga zubi ɗaya su ajiye, su rubuta lambar a littafi.

Tsinin ma yana da ranarsa, amma sai a dogon zango, yadi 600 zuwa 1,000, inda bambancin faɗinsa ke canza yadda iska ke rage wa ƙwaya gudu. Kamfanin Hornady, da ya bi ƙwayoyinsa da na'urar rada, ya ba da sanarwa a 2015 cewa tsinin roba da ake sa wa wasu ƙwayoyi yana laushi saboda zafin gogayya da iska a tsakiyar tafiya, ya kuma canza irin robar. Abu ne da ba ma'aunin tebur da zai taɓa nunawa.

Sai nauyi, inda mai wannan rubutu ya raba gari da yawancin masu gwangwanaye. Ana auna ƙwaya da giren, wanda 7,000 daga cikinsa ke yin laba ɗaya. Sanannar ƙwayar gasa ta Sierra mai giren 168 ba ta kai giram 11 ba. Mutum ya zauna yana ware mai 168.0 daga mai 168.1, bambancin kashi ɗaya cikin 1,680, alhali iskar da za ta kaɗa a filin gobe, da bugun zuciyarsa, da zafin bututun bayan harbi na goma, kowannensu ya fi wannan tasiri nesa ba kusa ba. Sikeli yana da amfani wajen tsamo bare, wato ƙwayar da ta yi nisa da 'yan uwanta saboda kumfa a ciki ko saboda ta wani kwali ce ta ɓato. Ga masu narka dalma su zuba ƙwayarsu da kansu wannan wajibi ne, don zafin tukunya da yawan sinadarin da aka gauraya suna canza nauyi da kauri duka. Amma rarraba ƙwayar kamfani mai kyau gida biyar saboda ɗigo ɗaya na giren aiki ne da ba a cika ganin ladansa a takarda ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Ma'aunin kauri mai baki biyu da yawancinsu ke riƙewa, kuskurensa na halal ya kai inci 0.001 sama ko ƙasa, kuma ƙarfin babban yatsa kaɗai yana canza lambar. Wanda ke ware ƙwayoyi da bambancin rabin wannan, kuskuren hannunsa yake rarrabawa. Awon kauri na gaskiya sai da maikromita mai karanta 0.0001. Sannan hujjar da ake kafawa da ita galibi harbi uku ne ko biyar: an gwada gwangwani na ɗaya ya ba da tarin huji ƙarami, an gwada na biyu ya ɗan buɗe, shi ke nan an yanke hukunci. Bryan Litz, injiniyan da ya yi suna a binciken tafiyar ƙwaya, da injiniyoyin Hornady, duk sun nuna cewa harsashi iri ɗaya daga bindiga ɗaya yana iya ba da ƙaramin tari yanzu ya ba da babba an jima, ba tare da an canza komai ba. Sai an yi harbi 20 ko 30 kafin a fara sanin ko bambancin na gaske ne ko sa'a ce. Kaɗan ne ke da haƙurin haka, ga tsada, musamman tun ƙarancin kayan ɗuri da aka yi a Amurka a 2020 da 2021.

Duk da haka, abin da ya sa mutum ɗaya a ɗakin ajiyar mota zai iya wannan aiki ya kwana lafiya shi ne akwai hukumomi a bayansa da suka riga suka kafa mudu ɗaya. A Amurka ƙungiyar masana'antun makamai da harsasai da ake kira SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke fitar da zanen kowane harsashi da iyakar kaurinsa da matsinsa, kuma bin ta na ganin dama ne, sai dai kamfanin da ya kauce ya san kotu na jiran sa. A ƙasashen Turai da dama abin doka ne. Hukumar C.I.P., wadda ta samo asali daga yarjejeniyar 1914, ta wajabta a gwada kowace bindiga da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, a buga mata hatimi, kafin a sayar. Gidan gwajin Birmingham yana wannan aiki tun 1813. Wanda ya san yadda tiyar wata kasuwa ke fin ta wata, da yadda ake bubbuga gindin kwano don ya rage ci, zai gane darajar a ce inci 0.308 na Nebraska shi ne na Finland.

Mai karatu a Gusau ko Birnin Gwari yana da haƙƙin ya ji ɗaci in an ambaci harsashi a matsayin abin sha'awa, don abin da harsashi ya yi wa garuruwansa ba wasa ba ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma aikin na masana'antar tsaro ce ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Wannan daidai ne, kuma ba abin da ke cikin labarin Amurkawan nan da ke kiran a sassauta. Inda labarin ya taɓo gida shi ne wajen maharbin gargajiya mai bindigar ɗuri ta baka, wanda shi ma da hannunsa yake zuba albarushi ya cusa tsumma ya danna. Bututunsa ba shi da tsagi, don haka kaurin abin da ya zuba bai dame shi kamar yadda ya dami mai ɗuri na Amurka ba. Amma awon albarushinsa tafin hannu ne, bututun kuma ba gidan gwajin da ya taɓa buga masa hatimi, kuma a ƙauyuka da dama an san mutumin da bindiga ta fashe masa a hannu ta tafi da yatsu.

Akwai wata bindiga da ta haɗa duniyoyin biyu. Lee-Enfield mai cin harsashin .303 ita ce sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, suka riƙe a dazukan ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ita 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna rataye da ita bayan samun 'yanci. An ƙera miliyoyinta a Ingila da Kanada da Amurka da Ostareliya da Indiya, da yawa cikin gaggawar yaƙi, don haka faɗin bututunta ya bambanta daga wannan zuwa waccan fiye da yadda sunan ya nuna. Yau tana hannun masu tara tsofaffin bindigogi, kuma mai hankali a cikinsu ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikinta. Yakan shafa wa bututun mai, ya ɗora ɗan dunƙulen dalma mai laushi a baki, ya tura shi a hankali da sanda har ya faɗo ta gindi ɗauke da zanen tsagin a jikinsa, sannan ya auna. A nan ma sai ya ci karo da wata matsalar: yawancin bututun Enfield tsagi biyar gare su, don haka kowane tudu kwari ne ke fuskantarsa, bakin maikromita ba ya samun gefe biyu masu daidai da zai kama. Sai ya naɗe dunƙulen da siririn fallen ƙarfe wanda ya riga ya san kaurinsa, ya auna duka, ya cire kaurin fallen sau biyu, ya rubuta abin da ya rage a littafinsa kusa da lambar bindigar.